Shekarar da Na Hana Dogon Gabi Shiga Fili

Ku da kuka zo sitaj bana, koyon aikin horar da yara, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya muna ɗaura raga. Wai aikin mai horar da ƴan basket, wato ƙwallon kwando, bai wuce ka tsaya ƙofar aji ranar da aka koma lekol, ka tsinci dogaye biyar, ka miƙa musu ƙwallo ba. Ina bisa tsani a lokacin. Yau da muke zaune, bari in ba ku labarin aikin nan yadda na yi shi a Madarumfa tun kaina bai yi furfura ba.

Bai wa ƙwallo iska shi ne aikin farko da aka sa ni. A Maraɗi na koya, hannun wani dattijo da muke ce wa Mushe Garba, yadda ake kiran malami a lekol, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi wasa a Yamai zamanin ƙuruciyarsa. Wata da watanni bai bar ni na busa usur ba. Famfo ya ba ni da allurarsa, sai tsintsiya. Ya nuna mini yadda za ka saki ƙwallo daga tsayin kanka ka ga inda za ta dawo. In ta tashi fiye da kima, iskar ta yi yawa, za ta iya gurɗe wa yaro yatsa. Ƙwallon da ka bai wa iska da safe ba ita ce ta la'asar ba, don zafin siminti na kumbura ta har ta koma kamar dutse. Sharar fili kuwa kar ku raina ta. Yashin da iska ke kwasowa daga bakin tabki, in ya kwanta bisa siminti, santsinsa ya fi na sabulu, kuma na ga gwiwoyin da suka tafi a kansa. Ragar da kuka ɗaura jiya wani masunci ne ke saƙa mana, don ta kanti ba ta ganin damina biyu. Allon katako na baya gara ke cinsa, sai ka riƙa ƙwanƙwasawa kana saurare, kar wata rana ya faɗo wa yaro a ka.

Game da sababbin shiga, abu guda Mushe Garba ke maimaita mini: kar in yanke wa yaro hukunci sai na ga yadda yake yi ranar da aka ci shi gaban jama'a. A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Kowane mai sana'a na da mutanen da yake yi wa aiki. Mu namu iyayen yara ne, da direktan lekol, da masu hali na gari. Uba zai zo ya ce ƙwallo ce ta kayar da ɗansa a lissafi. Direkta na son ganin kofi a bironsa, wato ofishinsa, amma ba ya son a taɓa lokacin darasi. Masu hali su ke ba da mayo, rigunan wasa ke nan, da mota, kuma wanda ya ba ka mota yana jin yana da baki a kan wanda zai shiga fili. Duk waɗannan za ka lallaɓa, ga kuma yaran. Kowace shekara, daidai lokacin da ake kai gero rumbu, waɗanda suka ci jarrabawar kwalej a ƙauyuka ke shigowa ajin segon, ajin farko na lise, babbar sakandare ke nan. Wasu sunansu ke riga su isowa. Wasu kuma sai sun yi wata a aji kafin ka san akwai su. Na ga wanda ya zo ana ta kururuwarsa, ranar da aka fara yi masa ihu a fili ya nemi hannunsa ya rasa. Na ga wanda na kusa kora ya zama kyaftin. Amma shekarar da nake so in ba ku labari ta fi duka tsaya mini.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, gero na tsakiyar fitar da kai. Daga Gabi har garin Sarkin Yamma rumbuna ba su cika ba. Manyan ƴan wasana uku sun gama bak, jarrabawar ƙarshe ta lise, sun tafi, wasu kuma ba su dawo daga hutu ba, sun tsallaka Najeriya neman abin da za a ci a gida. Da aka koma lekol na tarar da ƴan wasa huɗu a hannuna, ga wasan makarantun jiha na jiran mu a Maraɗi bayan sanyi.

Sai ga Lawali. Yaron Gabi ne, amma ya yi hutu da dama a Katsina wurin kawunsa, can ya koyi wasan. Ranar da ya fara zuwa fili sai da ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin da muke ajiye kaya. Siriri ne, hannuwansa dogaye, yatsunsa na rufe ƙwallo kamar yana riƙe da lemo. Ya ɗauki ƙwallo ya yi taku biyu ya tura ta cikin kwando daga sama, abin da yaran garin nan sai a waya suke gani. Kafin sati ya zagayo, ƴan kabu-kabu sun fara ajiye moto bakin fili da la'asar don kallonsa. Suka sa masa Dogon Gabi. Alhaji Sale, mai motocin da ke jigila tsakanin nan da Jibiya, ya aiko da sababbin mayo, ya ce motarsa ce za ta kai mu Maraɗi. Ya kuma gaya mini ya san wani mutum a wata ƙungiya ta Yamai, zai sa shi ya zo ya ga yaron ranar wasan.

Biyar ba sa isa, dole sai da na canji. Na bi aji aji ina roƙo, har na samu yara biyu, ɗayansu wani gajere mai kauri da ake kira Nomau. Daga wani ƙauye yake kusa da Sarkin Yamma, gidansu manoma ne masu bin addinin gargajiya, kuma gidan mai masauki ɗaya aka sauke su da Lawali, ɗaki ɗaya suke kwana. Bai taɓa taɓa ƙwallon kwando ba. Ranar farko da aka jefa masa ita, sai ya rungume ta ya ruga da gudu kamar wanda ya kama ɗan akuya, yara suka zube ƙasa don dariya. Da takalmin roba yake zuwa. In ya buga ƙwallo a ƙasa, a ƙafarsa take sauka. Na ajiye shi ne don cike benci, ban sa ran komai a wurinsa ba.

Koyar da tsaro shi ne aikin da yara suka fi ƙi. Ka durƙusa rabi, ka buɗe ƙafa, ka bi mutum gefe gefe ba tare da ka harɗe ƙafafu ba, cinyarka na ƙuna. Yawancinsu ba sa jurewa. Nomau kuwa ya saba wuni a duƙe da hauya, wannan tsayuwar hutu ce a wurinsa. Kuma da yake bai san yaudarar wasa ba, in mutum ya yi kamar zai jefa, ba ya tsalle. Tsayawa yake a gabansa kamar kututture har sai ƙwallo ta bar hannu. Da na lura, sai na fara haɗa shi da Lawali a horo. Sai ga Dogon Gabi na neman hanya yana rasawa. Abin ya ba ni dariya da farko. Daga baya na ga wani abu da ya hana ni dariyar.

Lawali ba ya daɗewa yana gudu. In an yi sama an dawo sau ƴan kaɗan, sai ka gan shi ya dafa gwiwoyi, baki buɗe, leɓensa ya yi fari. Na ce yunwa ce, don a shekarar yara da yawa sau ɗaya suke cin abinci a wuni. Na sa maiɗakina ta riƙa dama fura ana kawowa fili. Alhaji ma ya sa ana aika masa tsire. Jikinsa ya ɗan murmure, amma hakin bai ragu ba. Na fara rage masa gudu ba tare da na faɗa wa kowa dalili ba. In ya yi tsalle ya sauko, sai in ga ya kai hannu ƙirji ya yi saurin saukewa, yana waigen ko na gani.

Wata la'asar bayan an tashi, ina sace wa ƙwallaye iska, Nomau ya tsaya a bayana ya ƙi tafiya. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce Lawali ya faɗi a bakin famfo suna ɗibar ruwa, idonsa ya juye, sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Ba sau ɗaya ba ne. Ya ce Lawali ya roƙe shi kar ya gaya wa kowa, shi kuma ya yi alkawari, amma abin ya hana shi sukuni.

"Mushe, in ya san ni na faɗa, ba zai ƙara yi mini magana ba," in ji shi. "Amma gara hakan."

Washegari na ɗauki Lawali a moto ba tare da na ce masa komai ba sai da muka isa gidan likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya sa abin saurare a ƙirjinsa, ya daɗe, ya canza wuri, ya sake saurare. Bai yi bayani mai yawa ba, ya ce mu wuce Maraɗi. A can lokotoro ya auna tsawon hannuwansa, ya duba yatsunsa, ya saurari ƙirjin, sannan ya fitar da yaron ya bar ni. Ya ce akwai wata ƙara a bugun zuciyar da ba ta kwanta masa ba. Mai yiwuwa ƙaramin abu ne, mai yiwuwa kuma irin wanda ke kayar da matashi yana tsakiyar gudu ne, ba ya sake tashi. Sai masanin zuciya ya duba shi a Yamai za a tabbatar. Kafin nan, ba gudu, ba tsalle. Na tambaye shi ko ɗan wasa kaɗan fa, na ƴan mintoci. Ya dube ni ya ce shi dai da ɗansa ne ba zai bari ba.

A hanyar dawowa Lawali na bayana a moto, yana magana a kunnena har muka iso. Ya ce lafiyarsa lau. Ya ce tun yana ƙarami yake haki, bai mutu ba. Ya ce in bari a yi wasan Maraɗi tukuna, mutumin Yamai ya gan shi, bayan nan ko ina aka ce ya je zai je. Ni kuwa ina ta kiyaye ramuka kamar girgiza kaɗai za ta iya yi masa illa.

Zuwa Yamai ba abu ne na take yanke ba. Ubansa na Najeriya wurin cin rani, wayarsa ba ta shiga. Na aika Gabi, sai uwarsa ta zo ranar kasuwa, ta same ni a zauren gidana. Ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, yaron nan kawai take cewa. Na yi mata bayani iya yadda na fahimta. Ta saurara tana murza bakin zanenta, sannan ta tambaye ni kai tsaye.

"Mushe, in ya yi gudun nan, mutuwa zai yi?"

Na ce mata ban sani ba, lokotoro ma bai sani ba.

Ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, ba ta san zuciya ba, kuma yaron nan ya fi ƙarfin ta tsawata masa ya ji. Ubansa sai damina ta kusa zai dawo. "Amana ce na bar maka," ta ce. "Yadda na kawo shi da ƙafarsa, haka nake so shi koma."

Labari bai ɓuya ba. Alhaji Sale ya kira ni tashar motarsa, ya sa aka kawo mini shayi. Bai yi faɗa ba. Ya ce likitoci sun iya tsorata mutane, shi kansa an taɓa ce masa kar ya ƙara cin gishiri, ga shi nan garau. Ya ce yaron talaka ne, wannan ce ƙofar da Allah ya buɗe masa, in na rufe ta ba wata. Ya ce ya riga ya yi wa mutumin Yamai magana, kar in sa ya ji kunya. Direkta kuwa cewa ya yi hukunci nawa ne, amma sunan Lawali ya riga ya tafi cikin ƴan wasanmu, ba sai an cire ba, a bar shi ko don tsorata abokan karawa. Na yarda da wannan, don ban ga illarsa ba a lokacin.

Haka muka shiga horo na ƙarshe. Lawali na zuwa kullum ya zauna bakin fili, ba ya gaida Nomau, don ya gane wanda ya faɗa. A ɗaki ma, in ji mai masaukinsu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ni kuma kullum ido ɗaya na kan fili, ɗaya na kan Lawali, don da na juya baya zai ɗauki ƙwallo ya fara tsalle. Har makullin ɗakin kaya na daina bai wa kowa. Na sake tsarin wasa gaba ɗaya: ba mu da tsawo, sai mu hana su numfashi. Na ce wa Nomau ba na son ya jefa ko ɗaya, aikinsa shi ne duk wanda na nuna masa, ya manne masa har a tashi.

Ranar wasa motar Alhaji ta kwashe mu, wata motar kuma ta biyo mu cike da ƴan gari. Lawali ya zo da doguwar riga, kamar yadda muka yi da shi. Wata makaranta ta cikin birnin Maraɗi muka samu, yara masu takalma masu kyau, bencinsu cike. Suna da wani ɗan ajin ƙarshe da ke jifa daga nesa ba ya kuskure. Shi na nuna wa Nomau.

Abin da na gani a rabin farko ban taɓa tsammaninsa ba. Yaron nan na birni duk inda ya juya Nomau na gabansa. Ya yi yaudara, Nomau bai motsa ba. Ya zagaya bayan ƴan'uwansa, Nomau ya kutsa ya biyo shi. Tun yana murmushi har ya fara yi wa alƙalin wasa ƙorafi. Ƴan kallon Maraɗi da suka fara da yi wa takalmin aro na Nomau dariya, don ya fi ƙafarsa girma, suka koma tambayar daga ina aka samo shi. Sau biyu ya fizge ƙwallo, kuma da yake ya san bai iya bugawa ba, nan take ya miƙa wa na kusa da shi. Aka tafi hutu tazarar ba ta da yawa.

A kashi na ƙarshe abin ya rikice. Babban ɗan wasana ya cika laifi biyar, alƙali ya fitar da shi, na sa ɗan canjin da ya rage mini. Ba a jima ba wani ya sauko daga tsalle a kan ƙafar abokin karawa, idon sawunsa ya gurɗe, aka ɗauke shi. Saura huɗu a fili. Ana binmu maki kaɗan, lokaci ya kusa ƙarewa. Ina durƙushe ina ɗaure wa wanda ya ji ciwo ƙafa, sai na ji ihu ya tashi daga wajen ƴan garinmu, suna kiran Dogo, Dogo. Na ɗaga kai. Lawali ya tuɓe doguwar rigar, ashe da mayo a ciki, ya nufi teburin alƙalai don a shigar da shi. Sunansa na cikin ƴan wasa, ba wanda zai hana shi sai ni.

Na bar bandejin a ƙasa na cim masa, na kama wuyan hannunsa. Ina jin jijiyarsa na bugawa a tafin hannuna da sauri, tun bai yi gudu ko taku ɗaya ba. Alhaji Sale ya sauko daga inda yake zaune da baƙonsa, mutumin Yamai, yana yi mini alama da hannu in sake shi.

"Mushe, ɗan lokaci ne ya rage," in ji Lawali. "Tsayawa kawai zan yi ƙarƙashin kwando."

Na ce masa ni da shi mun san ba tsayawa zai yi ba.

"In na faɗi, raina ne, ba naka ba."

Na ce, "Ni zan ɗauke ka zuwa Gabi in ka faɗi. Je ka zauna."

Ya fi ni tsawo nesa, da ya fizge ba zan iya riƙe shi ba. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya cika da hawaye. Alƙali ya tambaye ni ko akwai canji. Na ce babu, da huɗu za mu ƙarasa. Ƴan garinmu, mutanen da muke salla sahu ɗaya, suka koma yi mini ihu. Lawali ya koma benci ya rufe kansa da rigar. Ban saki numfashi ba sai da na ga ya zauna, kuma har aka tashi ina tsaye tsakaninsa da tebur.

Da huɗu muka ƙarasa. Nomau ya riƙa tsaron mutum biyu, yana kai wa yana komowa, takalmi ɗaya ya fita daga ƙafarsa bai tsaya ɗauka ba. Mun rage tazarar har ƴan Maraɗi suka nemi hutu. Amma huɗu ba sa tare biyar. Kullum mutum ɗaya na sake, kuma shi ya ci mu. Aka tashi sun fi mu da maki uku.

Baƙon Alhaji ya zo ya ba ni hannu. Bai tambayi Lawali ba. Ya ce wane ne wannan gajeren, tun yaushe yake wasa. Da na ce masa bana ya fara, sai ya ce kar in yi masa wasa da hankali. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Direba ya sauke mu bakin tasha maimakon ƙofar lekol, muka ƙarasa da ƙafa, Nomau na goye da mai ciwon ƙafa.

Abin da ya biyo baya ya fi wasan wuya. Alhaji bai sake aiko da mota ba. A wurin mai shayi in na zo sai hira ta canza. Har kunnena na ji an ce tsoro ne ya sa na kashe wa yaro gaba. Kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi, don ba a riga an duba Lawali a Yamai ba. Watannin nan duk wanda ya dawo daga Gabi sai na tambaye shi ko uban Lawali ya dawo. In aka je Yamai aka ce ba komai, to na hana yaro abin da ba zai sake samu ba. In kuma aka ce akwai, to yaron da ke gabana a aji yana yawo da abin da zai iya kayar da shi kowane lokaci. Ko wanne na tuna, abinci ba ya shiga.

Sai da aka yi shuka uban ya dawo, dangi suka haɗa hannu aka kai shi. Masanin zuciya ya ce ɗaya daga ƙofofin zuciyar ba ta rufewa daidai, jini na komawa baya. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce zai rayu, zai yi aiki, zai yi aure, amma shi da ƙwallo har abada. Uban ya zo gidana da zabi biyu ya yi godiya. Alhaji Sale ya gamu da ni a masallacin Juma'a ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Lawali kuwa bai zo ba. Ya ci gaba da karatu har ya samu bak. In mun haɗu a hanya zai ce ina wuni Mushe, idonsa na wani wuri, ya wuce. Bai sake taka bakin filin nan ba. Da Nomau ma sai da suka kai ajin ƙarshe suka shirya.

Nomau ya yi mini shekara uku. Bai taɓa zama gwanin jifa ba, amma ya koyi buga ƙwallo da hannu biyu, kuma duk jihar nan an san in an haɗa ka da shi ka shiga uku. Ya wuce jami'a a Yamai ya karanci aikin gona, ya yi wa ƙungiyarsu wasa tun shekararsa ta farko. Ubansa bai taɓa ganin wasan ba, amma duk kaka sai ya aiko mini da damin gero.

Shekaru suka shuɗe. Lawali ya zama malamin firamare a wani ƙauye bayan Gabi. Bara, makon da aka koma lekol, ina sharar fili da la'asar, sai moto ta tsaya. Lawali ne, ya yi ƙiba kaɗan, ya ajiye gemu. A bayansa wani siririn yaro ya sauko, ya miƙe, ya miƙe, har ya kusa kai shi tsawo. Ya ce ƙanensa ne, Sabi'u, bana ya shigo segon.

Muka gaisa, wannan karon yana kallon idona. Ya ce kafin ya kawo shi sai da ya kai shi Yamai da kansa, wurin masanin zuciyar da ya duba shi Lawali a da, an ce zuciyar yaron lafiya lau.

"Ga shi nan, Mushe," ya ce. "In ka ga abin da bai yi maka ba, ka zaunar da shi. Ko mi zai ce maka."

Na ba yaron ƙwallo na ce ya bi sauran su zagaya fili. Ya shiga sahu, ƙafafunsa dogaye na cin ƙasa. Lawali bai hau motonsa ba. Ya tsaya kusa da ni bakin layi, hannunsa a aljihu. Suka zagayo, suka sake zagayowa. Da yaron ya iso gabanmu, mu biyu muka miƙa wuya muna kallon bakinsa da ƙirjinsa. Ya wuce yana dariya da na kusa da shi, ko haki babu. Na ji Lawali ya sauke numfashi. Ya ce zai tsaya ya ga zagaye ɗaya kuma, sannan ya tafi.